Matsalar fassara sunayen yanki a haɗin intanet na kebul

Matsalar fassara sunayen yanki tangarɗa ce da ke faruwa idan kwamfuta ta kasa mayar da sunan shafi, kamar example.com, zuwa lambar adireshin IP da na'urori ke amfani da ita wajen samun juna. Wannan fassara aikin tsarin sunayen yanki ne, wanda aka fi sani da DNS. Idan tsarin ya samu cikas a kwamfutar da aka haɗa da kebul na Ethernet, mai amfani yakan ɗauka intanet ɗin ne ya yanke gaba ɗaya, alhali kebul ɗin lafiyarsa ƙalau, kuma bayanai na iya fita da shigowa. Matakin neman lamba ne kawai ya tsaya. Shi ya sa ma'aikatan sadarwa ke bin bincike daki-daki: a fara da kebul, sai adireshin kwamfutar, sai rauta, sannan a zo kan suna. Tsallake matakan farko yakan sa a ɓata lokaci ana gyaran DNS a inda laifin ba nasa ba ne.

Asalin tsarin

Kafin a samar da DNS, kwamfutocin da ke kan ARPANET sun dogara ne da fayil guda ɗaya mai suna HOSTS.TXT, wanda ya ƙunshi sunan kowace kwamfuta da lambarta. Cibiyar bayanai ta SRI da ke jihar Kalifoniya a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth Feinler, ita ce ke kula da shi, kuma dole kowace cibiya ta riƙa kwafo sabon fayil lokaci zuwa lokaci. Da kwamfutoci suka yi yawa, wannan hanya ta gaza. A shekarar 1983 Paul Mockapetris ya tsara DNS, aka wallafa bayaninsa a takardun RFC 882 da RFC 883. A 1987 takardun RFC 1034 da RFC 1035 suka maye gurbinsu, kuma har yanzu su ne ginshiƙin tsarin. Tsohuwar hanyar ba ta ɓace gaba ɗaya ba, domin kwamfutocin yau suna da ƙaramin fayil mai suna hosts, wanda ke cikin abubuwan da ake dubawa idan an samu matsala.

Yadda fassarar ke gudana

Idan mutum ya rubuta www.example.com a burauza, kwamfutar takan fara duba abin da ke wajenta, wato fayil ɗin hosts da ma'ajiyar wucin gadi inda take ajiye amsoshin da ta samu a baya. Idan ba ta ga sunan ba, sai ta aika tambaya ga sabar DNS da aka ba ta. Wannan saba ce ke yin yawon neman amsa a madadinta.

Sabar takan fara da sabobin tushe, waɗanda ke da sunaye 13 daga harafin a zuwa m, ƙarƙashin kulawar ƙungiyoyi 12, kowane suna kuma da kwafe-kwafe masu yawa a faɗin duniya. Sabobin tushe ba su san lambar shafin ba, sai dai su nuna sabobin da ke riƙe da ƙarshen sunan. Kamfanin Verisign ne ke riƙe da .com, ƙungiyar NiRA kuma ita ce ke kula da .ng na Najeriya. Daga nan sai a nuna mata sabar da ke da iko a kan sunan kansa, wadda ita ce ke ba da amsar ƙarshe. Adireshin IPv4 yana zuwa ne a bayanin da ake kira A, na IPv6 kuma a AAAA.

Kowace amsa tana ɗauke da wa'adi da ake kira TTL, wato yawan daƙiƙoƙin da aka yarda a ajiye ta kafin a sake tambaya. Har amsar da ta ce suna bai wanzu ba ana ajiye ta na wani lokaci, kamar yadda takardar RFC 2308 ta 1998 ta tanada. Tambayoyin suna bi ne ta mashigi mai lamba 53, galibi ta ƙa'idar UDP, amma idan amsa ta yi girma sai a koma TCP.

Inda kwamfuta ke samun adireshin sabar DNS

Da zarar an soka kebul, kwamfuta takan nemi saituna ta hanyar ƙa'idar DHCP. Amsar da rauta ke bayarwa ta ƙunshi adireshin da kwamfutar za ta riƙe, da iyakar hanyar sadarwar cikin gida, da adireshin ƙofar fita, da kuma adireshin sabar DNS, wanda ke zuwa a zaɓi mai lamba 6 na ƙa'idar. A gidaje da ƙananan ofisoshi, rautar takan ba da adireshin kanta, kamar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, sannan ta riƙa miƙa tambayoyin ga sabobin kamfanin da ke ba da intanet.

Kowace kafar haɗi tana da nata saitin daban. Saitin DNS na kebul ba shi ne na Wi-Fi ba, ko da a kwamfuta ɗaya suke kuma rauta ɗaya suke amfani da ita. Wannan ne ya sa ake yawan ganin laftof tana buɗe shafuka ta Wi-Fi, amma da an soka mata kebul sai komai ya tsaya. Dalili shi ne manhajojin sarrafa kwamfuta sun fi fifita kebul idan duka biyun suna haɗe. Manhajar NetworkManager ta Linux, alal misali, tana ba kebul ma'aunin fifiko 100, Wi-Fi kuma 600, kuma mai ƙaramar lamba shi ake bi. Idan saitin kebul ɗin gurɓatacce ne, sai ya danne na Wi-Fi mai kyau.

Alamomi

Babbar alamar matsalar ita ce a iya isa ga na'ura ta lambarta amma a kasa isa gare ta ta sunanta. Burauzar Chrome takan nuna saƙonni irin su DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN ko ERR_NAME_NOT_RESOLVED. A Linux ana yawan ganin saƙon "Temporary failure in name resolution". Wani lokaci kiran bidiyo ko saukar da fayil da aka riga aka fara yakan ci gaba, alhali sabon shafi ya ƙi buɗuwa, domin haɗin da ya riga ya kafu ba ya buƙatar sake neman lamba.

Akwai kuma alamar jinkiri. Shafi yakan tsaya na wasu daƙiƙoƙi babu motsi, sannan ya buɗe lokaci guda. Hakan yakan nuna cewa sabar farko da ke cikin jerin ba ta amsawa, sai kwamfutar ta gaji da jira ta koma ta biyu.

Matakan bincike

Mataki na farko shi ne kebul. A duba fitilun da ke bakin ramin Ethernet na kwamfuta da na rauta ko suwici. Idan ba su kama ba, babu haɗi tun daga tushe, kuma babu ruwan DNS a ciki. Kebul na Ethernet yana da ƙananan wayoyi takwas da aka murɗe bibbiyu, kuma ƙa'ida ta iyakance tsawonsa a mita 100. Gudun megabit 100 yana amfani da wayoyi huɗu, gudun gigabit ɗaya kuma yana buƙatar duka takwas. Kebul mai karyayyen kai ko wanda aka matse da ƙofa yana iya zubar da wani ɓangare na bayanai, abin da kan yi kama da matsalar DNS mai zuwa tana tafiya. Gwada wani kebul da wani ramin ita ce hanya mafi sauƙi ta kawar da wannan zato.

Mataki na biyu shi ne adireshin kwamfutar. A Windows ana rubuta ipconfig /all, a Linux ip addr, a macOS kuma ifconfig. Adireshin cikin gida na yau da kullum yakan fara da 192.168, ko da 10, ko kuma daga 172.16 zuwa 172.31. Idan ya fara da 169.254, to kwamfutar ba ta samu amsa daga DHCP ba, ita ce ta ba kanta adireshi, kuma a wannan hali ba ta da ƙofar fita balle sabar DNS. Ana iya ganin haka bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, idan kwamfuta ta riga rauta tashi. Umarnin ipconfig /release sannan ipconfig /renew, ko cire kebul a mayar, yakan sa ta sake nema.

Mataki na uku shi ne gwajin lamba. A aika ping zuwa adireshin ƙofar fita. Idan ya amsa, a aika zuwa wata lamba ta waje, kamar 8.8.8.8. Idan rauta ta amsa amma ta waje ba ta amsa ba, matsalar tana tsakanin rautar da kamfanin intanet. Idan duka biyun sun amsa amma ping example.com ya gaza, an tabbatar cewa fassarar suna ce ta lalace. Sai dai wasu ofisoshi da makarantu suna toshe ping da gangan, don haka a irin waɗannan wurare rashin amsa ba hujja ba ce ita kaɗai.

Mataki na huɗu shi ne tambayar saba kai tsaye. Umarnin nslookup example.com yana tambayar sabar da aka saita wa kwamfutar, nslookup example.com 1.1.1.1 kuma yana tambayar wata ta waje. A Linux da macOS ana yin haka da dig example.com da kuma dig @1.1.1.1 example.com. Idan ta waje ta amsa, ta gida ta yi shiru, laifin na sabar da aka saita ne ko na rautar da ke miƙa tambaya. Idan duka biyun sun yi shiru, akwai yiwuwar katangar tsaro ce ta toshe mashigi na 53. Idan duka biyun sun amsa amma burauza ta ƙi buɗe shafin, sai a koma kan kwamfutar kanta. A Windows, nslookup ba ya duba fayil ɗin hosts ko ma'ajiyar wucin gadi, saboda haka yana iya ba da amsa mai kyau alhali sauran manhajoji suna samun gurɓatacciya. A Linux, getent hosts example.com shi ne ke bin hanyar da sauran manhajoji ke bi.

Ma'anar amsoshin saba

Kowace amsa ta DNS tana ɗauke da alamar sakamako, kuma alamar kan nuna inda za a dosa. NOERROR na nufin an amsa tambayar ba tare da kuskure ba. NXDOMAIN na nufin sabar ta ce babu irin wannan suna, wanda galibi yakan fito daga kuskuren rubutu, ko sunan da rajistarsa ta ƙare, ko sunan cikin gida na wata ma'aikata da aka tambayi sabar waje. SERVFAIL na nufin sabar ta yi ƙoƙari amma ta kasa samo amsa, ko dai saboda sabar da ke da iko da sunan ba ta amsawa, ko kuma sa hannun tsaro na DNSSEC bai inganta ba. REFUSED na nufin sabar ta ƙi yi wa mai tambayar aiki, kamar yadda sabobin kamfanonin intanet da yawa ke ƙin amsa wa wanda ba ya kan hanyarsu. Shiru har lokaci ya ƙare ba amsa ba ce: yana nufin tambayar ba ta isa ba, ko amsar ba ta dawo ba.

Musabbaban da aka fi samu

Tsohon saitin hannu yana cikin na gaba-gaba. Kwamfutar da aka taɓa saita wa adireshin sabar wani ofis a kafar kebul za ta ci gaba da neman wannan sabar a duk inda aka kai ta. Gyaran shi ne a mayar da saitin IPv4 na kafar zuwa karɓar adireshin DNS kai tsaye daga rauta.

Rautar da ta rikice ita ce ta biyu. Ƙananan rautoci suna iya daina miƙa tambayoyin DNS alhali suna ci gaba da wuce da sauran bayanai. Kashe rautar a sake kunna ta yakan warware wannan, idan kuma abin yana maimaituwa sai a sabunta manhajar cikinta.

Sabar DHCP ta biyu matsala ce da ta fi shafar kebul. Idan wani ya soka ƙaramar rauta a ramin bango ta ɓangaren da ya kamata ya fuskanci kwamfutoci, rautar za ta fara raba adireshi ga sauran na'urori, tana nuna kanta a matsayin ƙofar fita da sabar DNS. Kwamfutar da ta riga jin amsarta sai ta rasa hanya. Layin da ke nuna sabar DHCP a sakamakon ipconfig /all yana tona wannan.

Tsohuwar amsa a ma'ajiya takan hana shafi ɗaya ko biyu buɗuwa bayan sun canza adireshi. Ana share ma'ajiyar da ipconfig /flushdns a Windows, da resolvectl flush-caches a Linux mai systemd-resolved, a macOS kuma da sudo killall -HUP mDNSResponder.

Fayil ɗin hosts yana nan a C:\Windows\System32\drivers\etc\hosts a Windows, da /etc/hosts a Linux da macOS. Layi ɗaya da aka manta a cikinsa ya isa ya karkatar da suna zuwa lambar da ba tasa ba.

Manhajar VPN takan canza sabar DNS idan ta haɗu, kuma idan ta katse ba zato tana iya barin saitin yana nuna sabar da ba a iya isa gare ta sai ta cikin VPN ɗin.

Katangar tsaro da ta bar UDP ta toshe TCP a mashigi na 53 tana sa ƙananan amsoshi su wuce, manya su maƙale. Asalin ƙa'idar ta iyakance amsar UDP a bayit 512, kafin ƙarin da ake kira EDNS ya faɗaɗa ta a 1999.

Agogon da ya kauce yana iya hana tantance sa hannun DNSSEC, domin kowane sa hannu yana da lokacin farawa da na ƙarewa. Wannan yakan shafi rauta ko kwamfutar da ke yin tantancewar da kanta, musamman idan batirin agogonta ya mutu.

A manyan ma'aikatu, ana iya saita ramin suwici ya nemi shaidar shiga ta ƙa'idar 802.1X, ko a sa shi a wani rukunin hanyar sadarwa da ba shi da damar isa ga sabar DNS. Gyaran wannan yana hannun mai kula da suwicin.

Misalin Linux

A Linux, fayil ɗin /etc/resolv.conf shi ne ke ɗauke da jerin sabobin DNS. Manhajar glibc da ke karanta shi tana amfani da sabobi uku na farko ne kawai, kuma bisa saitin asali tana jiran daƙiƙa biyar kafin ta koma ta gaba.

A Ubuntu 18.04 da fitowar da suka biyo baya, fayil ɗin mahaɗi ne zuwa /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf, kuma adireshi ɗaya ne a cikinsa, 127.0.0.53. Wannan ba kuskure ba ne. Adireshin na manhajar systemd-resolved ne da ke cikin kwamfutar, wadda ke karɓar tambayoyi ta miƙa su ga ainihin sabobin. Ana ganin ainihin sabobin kowace kafa da umarnin resolvectl status. Idan a ƙarƙashin kafar kebul, mai suna irin su eth0 ko enp3s0, babu adireshin DNS ko ɗaya, to saitin kafar ne bai karɓa ba. Hakan na faruwa idan an zaɓi a karɓi adireshi kawai daga DHCP ba tare da DNS ba, ko an sa adireshin hannu aka bar gurbin DNS fayau.

Gyaran resolv.conf da hannu ba ya ɗorewa a irin wannan tsari, domin manhajar kan sake rubuta shi. Gyara mai ɗorewa ana yin sa ne a saitin haɗin, ta allon NetworkManager ko umarnin nmcli, a sabobin Ubuntu kuma ta fayilolin da ke /etc/netplan. Idan wata manhaja ta goge mahaɗin, ko systemd-resolved ta tsaya alhali fayil ɗin yana nuna 127.0.0.53, duk fassarar suna takan tsaya.

Canza saba da batun tsaro

Sabobin jama'a suna da amfani wajen gwaji da kuma matsayin madadi. Google ya buɗe 8.8.8.8 da 8.8.4.4 a Disambar 2009, Quad9 ta fito da 9.9.9.9 a Nuwambar 2017, Cloudflare kuma ya ƙaddamar da 1.1.1.1 a ranar 1 ga Afrilun 2018. Amma canzawa zuwa gare su yana da nasa sakamakon. A ofis ko jami'a, sabar cikin gida ce kaɗai ta san sunayen firintoci da ma'ajiyoyin fayil, kuma kwamfutocin da ke ƙarƙashin Active Directory ta DNS suke gano sabar da ke tantance shigarsu. Bugu da ƙari, duk sabar da aka zaɓa tana ganin sunayen shafukan da aka nema.

Wasu burauzoji suna iya aika tambayoyinsu a ɓoye ta ƙa'idar DoH, wadda aka wallafa a takardar RFC 8484 a 2018, ba tare da bin saitin kwamfutar ba. Don haka burauza na iya aiki alhali sauran manhajoji sun tsaya, ko kuma akasin haka.

Adireshin DNS da ba a san wanda ya sa shi ba abin bincike ne. Muguwar manhajar DNSChanger ta karkatar da miliyoyin kwamfutoci zuwa sabobin masu damfara, har hukumar FBI ta Amurka ta tarwatsa gungun a Nuwambar 2011. An kafa sabobin riƙon ƙwarya don kada waɗanda abin ya shafa su yanke nan take, aka rufe su a ranar 9 ga Yulin 2012, kuma kwamfutocin da ba a gyara ba kafin ranar suka fuskanci haɗarin daina fassara sunaye.

Idan matsalar daga waje take

Ba kowace gazawa ce ake iya gyarawa daga gida ba. A ranar 21 ga Oktoban 2016, harin ambaliyar buƙatu da aka kai wa kamfanin Dyn, mai riƙe da sunayen manyan shafuka, ya hana mutane da yawa a Amurka da Turai isa ga Twitter da Netflix da Reddit. A ranar 4 ga Oktoban 2021, kuskuren saiti a hanyar sadarwar Facebook ya sa aka kasa isa ga sabobin DNS na kamfanin, Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya na kimanin awa shida. Alamar irin wannan ita ce sunayen kamfani ɗaya, ko na rukunin shafuka, su gaza a kowace saba da aka tambaya kuma a kowace na'ura, alhali sauran sunaye suna fassaruwa daidai. A wannan hali canza kebul ko saiti ba ya amfanar komai, domin gyaran yana wajen masu riƙe da sunan.